Na harhaɗa kanel ɗina, amma an hana ni makullin saba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar kwamfuta. Furojet ɗina shi ne in ƙara wa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kwamfuta, sabon siskol, wato ƙofar da manhaja ke bi ta nemi aiki daga kanel, in nuna yana aiki. Laftof ɗina ta ƙone wata biyu da suka wuce, shi ya sa nake aiki a kan sabar sashenmu, kwamfutar da muke tarayya a kanta, inda aka buɗe wa kowane ɗalibi asusu. Dare huɗu na kwana a kai kafin kanel ɗin ya harhaɗu babu kuskure. Da na buga `sudo make install`, umarnin girka kanel da ikon admin, sai na'ura ta ce ba na cikin waɗanda aka yarje wa. Na je wurin mai kula da lab, ya ce ko shugaban sashe ne ya zo ba zai ba shi ba, kuma a gaban 'yan aji biyu ya faɗa, har suna dariya. Yanzu wani abokina ya ce yana da wata manhaja da ya sauke a intanet wadda ke mayar da mutum `root`, wato mai cikakken iko, a tsofaffin na'urori, mu yi da dare, babu wanda zai sani. Saura kwana 16 in kare furojet. Malam, akwai hanyar da zan girka kanel ɗin ba tare da izinin admin ba? In babu, in karɓi ta abokina?

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Barka da ƙoƙari tukuna. Wanda ya shiga cikin lambar kanel da hannunsa, ya taɓa teburin siskol, ya zauna dare huɗu har abin ya harhaɗu, ya riga ya yi mafi wuyar aikin. Kada dariyar 'yan aji biyu ta mantar da kai wannan.

Amsar tambayarka ta farko a'a ce. Babu halastacciyar hanyar girka kanel a kan na'urar da ba ka da iko a kanta, kuma da gangan aka gina ta haka. Amsar ta biyu ma a'a ce, kuma zan tsaya a kanta nan gaba, don ita ce ta fi tayar mini da hankali. Sai dai akwai abin da na lura da shi a wasiƙarka: kana ta neman yadda za ka girka kanel, alhali abin da furojet ɗinka yake nema shi ne kanel ɗin ya tashi, ka kira siskol ɗinka, ya amsa a gaban malamai. Tayar da kanel kuwa ba ya buƙatar girkawa. Za ka iya yin sa yau da daddare daga cikin foldarka, da asusun ɗalibin da kake da shi, ba tare da ka roƙi kowa makulli ba.

Mu duba me umarnin da ka buga yake son yi. `make modules_install` yana zuba modul-modul, wato ƙananan sassan da ake loda wa kanel daga baya, a `/lib/modules`. `make install` kuma yana kwafe kanel ɗin zuwa `/boot`, ya sa a gina masa initramfs, wato ɗan ƙunshin fayilolin da kanel ke fara buɗewa kafin ya kai ga faifai, sannan a sabunta jerin GRUB, manhajar da ke tayar da kanel, domin na'ura ta san da shi idan an sake kunna ta. Duk wuraren nan na `root` ne. Kana iya canza inda za a zuba su da `INSTALL_MOD_PATH` da `INSTALL_PATH`, su sauka a foldarka lafiya lau babu `sudo`, amma GRUB ba zai leƙa can ba. Ita ma `kexec`, wadda ke tsallakawa daga kanel zuwa wani kanel ba tare da an kashe na'ura ba, sai mai iko. Loda modul guda ɗaya ma sai mai iko. Idan kuma sabar tana da Secure Boot a kunne, wato tsaron da ke tantance abin da na'ura za ta tashi da shi, kanel ɗin da ba a sa masa hannu ba ba zai tashi ba, sai an shigar da makullinsa, wanda kuma sai mutum ya tsaya a gaban na'urar da kansa lokacin da take tashi. Ko ta ina ka ɓullo, ƙofar a kulle take.

Dalili shi ne kanel ne mai gadin gidan. Idan ka nemi buɗe fayil ɗin wani ɗalibi na'ura ta ce `Permission denied`, kanel ne ya faɗi hakan. Shi ke raba memori, shi ke hana manhajar wannan leƙa ta wancan, shi ke tsare fayil ɗin `/etc/shadow` inda ake ajiye sawun kalmomin sirrin kowa, duk harafin da aka danna ta hannunsa yake wucewa. Ɗan haya yana iya shirya ɗakinsa yadda ya ga dama, amma ba ya sallamar mai gadin da ke riƙe da makullan dukkan ɗakuna ya kawo nasa. Tun lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a 1969, an yi tsarin ne domin mutane da yawa su zauna a kan na'ura ɗaya, kuma Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 ya gaji wannan tsari. Don haka abin da ka je ka roƙa a lab ya fi ƙarfin "a ɗan ba ni izini na minti biyar". Ka roƙi a damƙa maka furojet ɗin kowane ɗan ajinku, da duk abin da malamai suka ajiye a wurin. Na san ba haka ka nufa ba. Amma haka buƙatar take a kunnen mai kula da saba.

Yadda ya faɗa maka bai kyauta ba. Ɗalibin da ya zo da tambaya ta gaskiya, a ja shi gefe a yi masa bayani, ba a mayar da shi abin dariya ba. Wannan laifinsa ne, kuma kana da haƙƙin jin zafi. Hanin da ya yi kuwa daidai ne, da ni ne a kujerarsa ni ma zan hana.

Na faɗi haka ne saboda na taɓa zama a wancan gefen, kuma na yi ɓarna da makullin halal a hannuna. Shekarun baya, a wani wuri da na yi aiki, ina cikin masu kula da wata saba da mutane ke barin lissafinsu yana gudana a kai kwana da kwanaki. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na girka kanel ɗin da na harhaɗa, na sake kunna na'urar daga teburina ba tare da na tambayi kowa ba. Na zauna ina jiran ta dawo. Minti biyar, minti goma, shiru. Na manta ban saka direban faifai a ciki ba. Makullin ɗakin sabar yana hannun wani da ya riga ya kama hanyar garinsu, sai Litinin da safe muka shiga. A kan allo ga layin nan yana jira na: `Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)`. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, tsohon kanel kawai na zaɓa a GRUB. Amma akwai wata baiwar Allah da lissafinta ya yi kwana tara yana gudana, saura kaɗan ya kammala, kuma tun lokacin da na danna umarnin sake kunnawa ya tafi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a kan kujera, ta dafe kai da hannu biyu, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta fara daga farko. Har yau idan zan sake kunna na'urar da ba ni kaɗai ke amfani da ita ba, sai fuskarta ta faɗo mini. A sabar sashenku, a wannan watan na kare furojet, irinta sun kai nawa?

Yanzu maganar abokinka. Irin manhajar da yake faɗa gaskiya ce, akwai su. Dirty COW da aka bayyana a watan Oktoba na 2016 ɓaraka ce da ta shekara tara a cikin kanel ba a gano ta ba. Dirty Pipe ta fito a 2022. Sabar da aka daɗe ba a sabunta ba tana iya faɗawa hannun irinsu. Amma ka san me suke yi kafin su ba ka `root`? Wasunsu suna sake rubuta `/etc/passwd`, wasunsu suna barin kanel a birkice har na'ura ta daskare bayan ɗan lokaci. Kuma abin da aka sauke daga wurin da ba a sani ba, babu tabbacin kai kaɗai yake buɗe wa ƙofa.

Batun "babu wanda zai sani" kuma, ƙanena, an riga an fara sani. Gwajin `sudo` ɗin da ka yi ya shiga kundin na'ura da sunanka da lokacinsa. Ka je da ƙafarka ka roƙa an hana ka a gaban shaidu. Umarnin `last reboot` yana nuna duk lokacin da aka sake kunna saba. Sannan kanel yana ɗauke da sunan wanda ya harhaɗa shi: duk wanda ya buga `cat /proc/version` zai ga sunan asusunka da na na'urar a jikinsa. Kanel ɗinka da bakinsa zai tona maka asiri. A makaranta wannan maganar kwamitin ladabtarwa ce, a waje kuma Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015 ta sa shiga kwamfuta ba da izini ba cikin laifuka. Shekara huɗu na wahalar iyaye kake shirin ɗorawa a kan dare ɗaya.

Ko da a ce babu kundi babu doka, asusun da aka buɗe maka amana ce. An ba ka ɗaki a gida bisa yarda cewa ba za ka fasa na maƙwabci ba. Wulaƙancin da aka yi maka bai warware wannan yarda ba. Ka gode wa abokinka, ka ce masa ka sami wata hanya, kuma ka ba shi shawara ya goge abin daga filashinsa.

To ga hanyar.

Akwai manhaja mai suna QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2003. Aikinta ta ƙirƙiri kwamfuta sukutum a cikin kwamfuta: furosesa, memori, faifai, katin sadarwa, duk na kwaikwayo. A wurin sabar, QEMU manhaja ce kamar kowace, tana gudana da sunanka, ba ta iya taɓa abin da kai ba ka iya taɓawa. A wurin kanel ɗinka kuwa, na'ura ce ta gaske wadda shi ne sarkinta. Abin da ya sa ta dace da kai shi ne tana karɓar kanel kai tsaye, babu GRUB, babu `/boot`. Fayil ɗin da kake buƙata yana nan tun daren da ka gama: `arch/x86/boot/bzImage`. Kada ka sake harhaɗa komai, da shi za ka fara.

Ka fara da `which qemu-system-x86_64` ka ga ko tana nan. Idan tana nan, saura ka yi wa kanel ɗan gidan da zai sauka, domin kanel shi kaɗai idan ya tashi bai tarar da manhajar farko ba, sai ya tsaya cak. A nan BusyBox ke shigowa, fayil ɗaya ne da ke aikin `sh` da `ls` da `mount` da sauransu da yawa. Wanda kake so shi ne wanda aka harhaɗa a dunƙule, wanda ba ya neman wasu laburare daga waje. Idan sabar Debian ce ko Ubuntu, `apt download busybox-static` yana sauke ƙunshin ba tare da `sudo` ba, `dpkg -x` kuma ya kwance maka shi a foldarka. Ka buɗe folda a babbar foldar asusunka, ka ce mata `gida`, a ciki ka yi `bin` da `proc` da `sys` da `dev`, ka sa `busybox` a `bin`. Sai ka rubuta fayil mai suna `init` a bakin foldar:

```
#!/bin/busybox sh
/bin/busybox --install -s /bin
mount -t proc proc /proc
mount -t sysfs sysfs /sys
exec /bin/sh
```

Ka ba shi izinin gudana da `chmod +x init`. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su kwana suna zargin kanel alhali wannan ɗan umarnin suka manta. Ƙaramar manhajar da ka rubuta don kiran siskol ɗinka ma ka harhaɗa ta da `gcc -static`, ka jefa ta a `bin`. In ba ka sa `-static` ba, za ka ga fayil ɗin ƙuru-ƙuru amma na'ura ta ce ba ta same shi ba, domin laburaren C da yake nema babu shi a ɗan gidan. Daga cikin foldar sai ka ɗaure kayan:

```
find . | cpio -o -H newc -R root:root | gzip > ../gida.gz
```

Sannan ka koma foldar kanel ka tayar:

```
qemu-system-x86_64 -m 512 -nographic \
  -kernel arch/x86/boot/bzImage \
  -initrd ~/gida.gz \
  -append "console=ttyS0"
```

Za ka ga rubutu yana zubowa, layi bayan layi, kowanne da daƙiƙarsa a gefen hagu: kanel yana ƙirga memori, yana gano furosesa, yana kwance ƙunshin da ka ba shi. Sai ya tsaya a kan alamar `#` yana jiran ka. Ka buga `uname -r`, lambar kanel ɗinka za ta fito. Ka buga `cat /proc/version`, ga sunanka nan, a wurin da babu laifi ya bayyana. Ka kira manhajarka, ka buga `dmesg`, ka ga saƙon da ka rubuta da `printk` a ƙasan jerin. A cikin wannan akwatin kai ne `root`, kana iya loda modul, kana iya rushe komai. Idan kanel ya faɗi, ka danna Ctrl da a tare, ka saki, ka danna x, ka dawo inda kake. Babu wanda lissafinsa ya tsaya, babu ɗakin da za a jira makullinsa har Litinin.

Ba tare da taimakon komai ba, QEMU tana fassara umarnin furosesa ne da kanta, don haka tana da ɗan nauyi. Ga gwajin siskol wannan nauyin ba zai dame ka ba. Idan kana son sauri, akwai KVM, wanda ya shiga Linux tun 2.6.20 a 2007, yana barin kwamfutar kwaikwayo ta hau furosesan gaske. Ka duba `ls -l /dev/kvm` da `id`. Idan kana cikin rukunin `kvm`, ka ƙara `-enable-kvm` a umarnin. Idan ba ka ciki, ka riƙe wannan, za mu kai shi wurin mai kula da lab.

Kada ka ɗauka wannan hanyar marasa gata ce. Masu aikin kanel da kansu haka suke gwada yawancin gyare-gyarensu, don babu mai son ya riƙa kashe kwamfutarsa sau talatin a yini. Darasin tsarin sarrafa kwamfuta na jami'ar MIT a Amurka, inda ake koyarwa da ƙaramin tsarin nan xv6, a kan QEMU ɗalibai ke yin aikinsu. Kuma za ta ba ka abin da girkawa ba za ta taɓa ba ka ba. Idan ka kunna bayanan bin sawu a saitin kanel, ka ƙara `-s -S` a umarnin QEMU da `nokaslr` a cikin `-append`, kanel zai tsaya kafin ya fara. A wata taga ka buɗe manhajar bin sawu da `gdb vmlinux`, ka buga `target remote :1234`, ka sa masa wurin tsayawa a kan aikin siskol ɗinka, ka sake shi. Da zarar manhajarka ta kira, komai zai tsaya a kan layin da ka rubuta da hannunka, kana ganin abin da aka miƙo masa, kana takawa layi-layi. Ka yi tunanin ranar kare furojet, malami ya ce "nuna mana ta ina kiran ya shiga kanel", ka tsayar masa da shi a gaban idonsa. Gani ya kori ji.

Idan babu QEMU a sabar fa? Ana iya harhaɗa ta daga tushe a girka ta a foldarka da `--prefix`, amma tana neman kayan haɗi da dama, kuma kwana 16 ba lokacin wannan kokawar ba ne. Kanel yana da tasa mafitar a cikin lambar da ke hannunka. Sunanta User-Mode Linux, aikin Jeff Dike ne, kuma ta daɗe da shiga cikin kanel na asali. Ana harhaɗa Linux ne ya fito a matsayin manhaja ta talaka. Ka kwafi lambar zuwa wata folda daban don kada ka ɓata wadda ka sha wuya a kanta, ka tsabtace kwafin da `make mrproper`, sannan `make ARCH=um defconfig`, sannan `make ARCH=um -j4`. Zai haifar da fayil mai suna `linux`. Ka buga `./linux mem=256M initrd=` tare da hanyar `gida.gz` ɗinka, in dai ka tabbatar saitin initramfs a kunne yake, sai ka ga kanel yana tashi a tagarka kamar kowace manhaja. Teburin siskol ɗin x86 da ka gyara shi ma yake amfani da shi. Rauninsa shi ne ba ya ganin ƙarfen na'ura ko kaɗan, amma furojet ɗinka ba ya neman ƙarfe.

Wani zai ce maka ka yi da Docker, mai gudanar da manhaja a keɓaɓɓen akwatin da ake kira kwantena. Kada ka ɓata dare a kai. Kwantena tana hawa kanel ɗin uwar na'ura ne, ba ta da nata, siskol ɗinka ba zai taɓa bayyana a ciki ba.

Abu biyu na zaman tare. Kada ka buga `make -j` da dukkan furosesan sabar a lokacin da kowa ke fama da nasa aikin. Ka tsaya a `-j4`, ka sa `nice -n 19` a gaba domin na wasu ya riga naka. Kuma ka lura da wuri, don lambar kanel idan an kwance ta ta haura gigabayit ɗaya tun kafin a harhaɗa, kwafi biyu ko uku suna iya cinye rabonka na faifai.

Yanzu abin da na san ba ka son ji: ka koma wurin mai kula da lab. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ko da komai ya yi maka aiki ba tare da shi ba, gara ya ji daga bakinka cewa kana tayar da kwamfutar kwaikwayo a sabarsa, da ya gani a jerin manhajoji ya fara zargi, musamman bayan abin da ya faru. Ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa: "Yallaɓai, na gane dalilin da ya sa aka hana ni, kuma ba `sudo` na zo nema ba. Zan gwada kanel ɗina a QEMU ne, ba zan taɓa `/boot` ba. Ina roƙon a girka mana `qemu-system-x86`, in da hali kuma a sa ni a rukunin `kvm`." Wannan roƙo ne da zai iya cewa to ba tare da ya sa aikinsa a haɗari ba, umarni biyu ne a wurinsa. Zai kuma gane cewa wanda ke gabansa ya san bambancin abin da ya roƙa jiya da na yau. Masu wannan aiki sun saba da ɗaliban da ke cewa "a ba ni admin" ba tare da sun iya faɗin me za su yi da shi ba, shi ya sa a'a ke riga tunani fitowa daga bakinsu. Kafin ka je, ka sanar da sufabaizanka, ka roƙe shi ɗan rubutu ko kiran waya. Ka kai masa maganar a matsayin neman taimako, kada ka kai ƙara. Ƙara za ta sa mutumin ya ƙara ƙulle ƙofa, kai kuma lokaci kake nema.

A wannan zaman da sufabaiza ka tambaye shi kai tsaye ko ya yarda a nuna aikin a QEMU. Ina kyautata zaton zai yarda. Idan ya dage sai an ga kanel ɗin a kan ƙarfe na gaske, to ba a kan sabar jama'a za a yi ba. A nemi tsohuwar kwamfuta guda a lab wadda babu aikin kowa a kai. Kai kuma ka buga `make bindeb-pkg`, wanda ba ya buƙatar `root`, zai ɗaure maka kanel da modul ɗinsa a ƙunshin `.deb`. Ka sa wa `CONFIG_LOCALVERSION` wata alama taka don kada sunansa ya yi karo da na na'urar. Mai kula da lab ya girka da `dpkg -i` kana tsaye, tsohon kanel yana nan a jerin GRUB idan naka ya ƙi tashi, in an gama ya cire shi da umarni ɗaya. Akwai furojet ɗin da dole sai haka, kamar rubuta direban wata na'ura ko auna saurin gaske. Naka ba ya cikinsu.

Abu na ƙarshe, kuma ka yi shi kafin komai, tun kafin QEMU. Laftof ɗinka ta riga ta nuna maka yadda aiki ke tafiya a dare ɗaya, kuma yanzu kwafin wahalarka guda ɗaya ne, a kan na'urar da ba taka ba. Ka kwashe fayilolin da ka gyara, da `.config`, da `bzImage`, da manhajar gwajinka, da `gida.gz` idan ka gama shi, ka sa a filashi, ka kuma tura wa kanka ta imel. QEMU tana gudana a Windows da macOS ma, don haka ranar kare furojet, idan wuta ta ɗauke ko sabar ta ƙi, laftof ɗin aro da filashin nan sun ishe ka. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka gwada a kan laftof ɗin da za ka ara tun saura mako guda, ka ɗauki hoton allon tun daga tashin kanel har zuwa saƙon `dmesg`, ka sa a babi na huɗu na rahotonka.

Idan ka tayar ya tsaya a wani wuri, ka kwafo mini layuka 20 na ƙarshe da suka fito a allo, da umarnin da ka buga daidai yadda ka buga shi. Idan ka ga `No working init found` ko `Failed to execute /init`, ka fara duba `chmod` ɗin nan da kuma ko BusyBox ɗinka dunƙulalle ne. Idan allo ya yi shiru babu ko layi ɗaya, `console=ttyS0` ne ya faɗi a hanya. Allah ya ba da sa'a, ya sa a kare lafiya.